Hanyar Zuwa Zuciya Ta Cikin Jijiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun yi sanadin mutuwar mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, wato kusan kashi 32 cikin 100 na dukkan mace-macen da aka yi a duniya a wannan shekara, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka rasu mazauna ƙasashe ne masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaicin ƙarfin tattalin arziki. Kaso mai tsoka na wannan asarar rayuka yana komawa ne ga toshewar jijiya, domin duk sashen jikin da jini ya daina isa gare shi yakan rasa iskar da yake rayuwa da ita, ya fara mutuwa sannu a hankali. Idan jijiyar da ta toshe tana ciyar da tsokar zuciya ce, sai a sami abin da jama'a ke kira bugun zuciya. Idan ta ƙwaƙwalwa ce, sai shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya. Idan kuma ta ƙafa ce, sai ƙafar ta yi sanyi, ta yi baƙi, ta ruɓe, har ta kai ga an yanke ta.

Sharhin na yau ya duƙufa ne kan kayan aikin da ya sauya yadda likitoci ke tunkarar wannan matsala, wato kateta, wadda siririn bututu ne mai laushi, tsawonsa kan kai mita guda, kaurinsa kuwa milimita 2 ko ɗan sama da haka, da ake zura shi ta ƙaramar huda a fata ya bi cikin jijiya har inda ake bukata. Jijiyoyin jini iri biyu ne: akwai masu ɗaukar jini daga zuciya zuwa sassan jiki, waɗanda jini ke gudu a cikinsu da ƙarfi, akwai kuma masu mayar da shi zuciya, waɗanda su ne ake gani sun yi kore a bayan hannu. Tunda dukkansu daga zuciya suke tasowa ko a cikinta suke ƙarewa, kowace jijiya da ke kusa da fata hanya ce buɗaɗɗiya zuwa zuciya ga wanda ya san yadda zai bi ta. Wannan fahimta ce ainihin ƙirƙirar, kuma duk waya da roba da ƙarfen da suka zo daga baya a kanta aka ɗora su.

Masana sun daɗe da gwada haka a jikin dabbobi. A 1844 Claude Bernard na Faransa ya zura bututu ta jijiyoyin wuyan doki har cikin zuciyarsa domin auna zafin jini, sannan a farkon shekarun 1860 wasu Faransawa biyu, Chauveau da Marey, suka auna ƙarfin matsin jini a ɗakunan zuciyar doki ta irin wannan hanya. Bayan da Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a 1895, wato hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi da ƙarfe a hoto, sai ya zamana ana iya ganin inda bututu ya kai a cikin jiki. Duk da haka manyan likitocin wancan zamani sun tsaya kai da fata a kan cewa taɓa cikin zuciyar mutum mai rai daidai yake da kashe shi, saboda tsoron kada bugawarta ta rikice ta tsaya.

Wanda ya karya wannan tsoro matashin likita ne ɗan shekara 25 mai suna Werner Forssmann, wanda ke koyon aikin tiyata a wani ƙaramin asibiti a garin Eberswalde kusa da Balin a ƙasar Jamus. Burinsa shi ne ya samo hanyar kai magani kai tsaye cikin zuciya idan rai ya yi halinsa a ɗakin tiyata, kuma da maigidansa ya hana shi gwada wannan a jikin majinyata, sai ya yanke shawarar gwadawa a jikinsa. A 1929 ya yi wa lanƙwasar gwiwar hannunsa allurar kashe zafi, ya tsaga jijiya, ya zura bututun da aka saba amfani da shi a hanyar fitsari, sannan ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin ɗaukar hoto da bututun a jikinsa, ya ci gaba da tura shi har ya shige fiye da santimita 60, hoto kuma ya nuna bakinsa a ɗakin sama na dama na zuciya. Ya buga sakamakon a wata mujallar likitoci ta Jamus a ƙarshen wannan shekara, amma maimakon yabo sai ya gamu da fushin manya, har Ferdinand Sauerbruch, shahararren likitan tiyata na asibitin Charité da ke Balin inda Forssmann ya koma aiki, ya sallame shi. Forssmann ya bar binciken zuciya ya koma fannin mafitsara, kuma gaskiyar tarihi ta wajabta a ambata cewa ya shiga jam'iyyar Nazi a 1932, ya kuma yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ya zama tabo a sunansa wanda bajintarsa ba ta goge ba.

Shekaru goma sha biyu aikin ya yi a yashe kafin André Cournand da Dickinson Richards su ɗauke shi a asibitin Bellevue na birnin Niyok, daga 1941, su mayar da shi tsayayyen ilimi. Sun nuna cewa ana iya barin kateta a zuciyar mutum na sa'o'i ba tare da illa ba, ana ɗibar jini daga ɗakunanta, ana auna matsinsa, ana lissafa yawan jinin da zuciya ke turawa a minti guda, kuma da haka aka fara gane cututtukan da ake haifar yara da su da lalacewar ƙofofin zuciya tun mai su yana raye. A 1956 aka ba su lambar yabo ta Nobel tare da Forssmann, wanda a lokacin likitan mafitsara ne da duniya ta kusa mantawa da shi.

Matsalar da ta rage ita ce ta shiga jijiyar, domin a wancan lokaci sai an tsaga fata an tono jijiya an yanka ta, ko kuma a soka ƙatuwar allura mai faɗin da zai ɗauki bututun, abin da kan bar rauni mai zubar da jini. Sven-Ivar Seldinger, likitan hoto a asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin, shi ya warware wannan a 1953 da dabarar da sauƙinta ke ba mutum mamaki. Ana soka ƙaramar allura mai rami a cikin jijiya, a zura siririyar waya mai laushin baki ta cikin allurar, a zare allurar a bar wayar, sannan a saka bakin kateta a kan wayar a tura ta, ta bi wayar ta shige jijiya, daga ƙarshe a zare wayar. Ba a ƙara komai ba face waya guda da sauya jerin matakai, amma har gobe kusan babu wani aikin kateta a duniya, na zuciya ne ko na ƙoda ko na ƙwaƙwalwa, da ba da wannan dabara yake farawa ba, kuma idan ana lissafin waɗanda suka fi amfanar marasa lafiya a wannan fage, Seldinger ya cancanci sahun gaba ko da yake sunansa bai yi tashe irin na sauran ba.

Jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya kanta, waɗanda faɗinsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, su ne suka fi jimawa a ɓoye. Domin jijiya ta fito a hoton eksire sai an ɗura mata wani ruwa mai sinadarin aidin wanda haske ba ya ratsa shi, kuma likitoci sun yi imani cewa ɗura shi kai tsaye cikin waɗannan jijiyoyi zai kashe majinyaci nan take. A ranar 30 ga Oktoban 1958, a asibitin Cleveland Clinic na Amurka, Mason Sones yana ɗaukar hoton wani saurayi ɗan shekara 26 mai ciwon ƙofar zuciya, sai bakin katetar ya zame ya faɗa jijiyar dama ta zuciya, ruwan kuma ya shige kafin a ankara. Zuciyar ta tsaya na 'yan daƙiƙu, Sones ya umarci saurayin ya yi tari da ƙarfi, ta ci gaba da bugawa, hoton da aka samu kuwa ya fito sarai. Sones ya gane cewa idan aka rage yawan ruwan za a iya yin haka da gangan, kuma cikin 'yan shekaru ya tara hotunan ɗaruruwan majinyata. A 1967 Melvin Judkins ya ƙera kateta masu lanƙwasa ta musamman, waɗanda idan an zura su ta matsematsi sukan nemi bakin jijiyar zuciya kusan da kansu, a shekarar ce kuma René Favaloro, ɗan ƙasar Ajantina da ke aiki tare da Sones, ya soma tiyatar da ake ɗauko jijiya daga ƙafa a yi wa jini hanyar kewaye wurin da ya toshe, aikin da ba zai yiwu ba in babu hoton da ke nuna inda toshewar take.

Har zuwa wannan lokaci kateta ido ce kawai, tana gani ba ta gyarawa. Kafin a fahimci yadda ta zama hannu, ya kamata mai sauraro ya san cewa toshewa iri biyu ce. Akwai ta farat ɗaya, inda gudan jini ya daskare, ko ya ɓalle daga zuciya ya tafi ya maƙale a wata jijiya. Akwai kuma ta sannu a hankali, inda kitse da ƙwayoyin kumburi da sinadarin kalsiyam ke taruwa a cikin bangon jijiya shekara da shekaru har hanyar ta ƙuntace, kuma hawan jini da ciwon sukari da shan taba da yawan kitse a jini su ne ke gaggauta ta. Thomas Fogarty, wanda tun yana yaro yake aiki a wani asibiti a Cincinnati yana kallon yadda ake tsaga dogayen jijiyoyi don ciro gudan jini, sau da yawa kuma ƙafar ta salwanta, shi ya magance nau'in farko tun kafin ya zama cikakken likita. Ya yanko kan yatsan safar hannu ta roba, ya ɗaure shi a bakin bututu da irin ƙullin da ya koya wajen haɗa ƙugiyar kamun kifi, ta yadda za a zura bututun ya wuce gudan jinin, a hura robar ta kumbura, sannan a janyo ta ta taho da gudan waje. An fara amfani da ita a 1961, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1969 bayan kamfanoni da dama sun ƙi karɓarta, kuma har yau likitocin tiyatar jijiya ba sa rabuwa da ita.

Nau'i na biyu kuwa Charles Dotter ne ya fara tunkararsa a birnin Portland na jihar Oregon. A ranar 16 ga Janairun 1964 aka kawo masa wata dattijuwa mai shekara 82 wadda yatsun ƙafarta ta hagu suka fara ruɓewa, likitoci suka ce sai an yanke ƙafar, ita kuma ta ƙi amincewa. Dotter ya zura waya ta ratsa wurin da jijiyar cinyarta ta ƙuntace, ya bi ta da kateta siririya, sannan ya ɗora mai kauri a kanta har hanyar ta buɗe. Ƙafar ta yi ɗumi, zafin ya lafa, gyambon ya warke, matar kuma ta rayu kusan shekaru uku tana tafiya da ƙafafunta biyu. Likitocin tiyata na Amurka sun yi watsi da wannan aiki na tsawon shekaru, suna ganin ganganci ne a tura abu cikin jijiya mai ciwo, sai a Turai ne wasu, musamman Eberhard Zeitler na Jamus, suka rungume shi suka raya shi. Dabarar Dotter tana da aibi na gaske, domin ba za a iya buɗe jijiya fiye da kaurin bututun da aka soka ta fata ba, ga shi kuma turawar kan goge bangon jijiyar.

A wurin Zeitler ne Andreas Grüntzig, Bajamushe haifaffen Dresden da ke aiki a asibitin jami'ar Zurik ta ƙasar Suwizalan, ya ga wannan aiki, ya kuma gane cewa abin da ake bukata shi ne kayan aikin da zai shiga yana siriri, ya faɗaɗa a daidai wurin ciwon, sannan ya sake tsukewa ya fito. Balan-balan na roba irin na Fogarty ba zai yi ba, domin idan ya gamu da wuri mai tauri sai ya kumbura gaba da baya ya bar tsakiyar yadda take. Da taimakon wani masanin sinadarai ya koma ga ledar da ba ta miƙewa, wadda idan an hura ta takan tsaya a faɗin da aka ƙera ta da shi komai ƙarfin matsi, ta zuba dukkan ƙarfin a kan abin da ya toshe hanya. Tunda babu kamfanin da ke ƙera irin wannan, a teburin ɗakin girkinsa ake haɗa su da yamma bayan an tashi aiki, shi da matarsa da mataimakiyarsa da mijinta, suna dumama leda, suna ɗaure ta da zare, suna manne ta da gam, suna shanya ta ta bushe. Ya fara amfani da su a jijiyoyin ƙafa a 1974, ya gwada a zukatan karnuka, sannan a ranar 16 ga Satumban 1977 ya buɗe jijiyar gaba ta zuciyar wani mutum ɗan shekara 38, mutumin yana farke, likitocin tiyata kuma suna tsaye a shirye ko da wani abu zai faru. Da aka sake ɗaukar hoton jijiyar bayan shekaru goma, an same ta a buɗe.

Abin da ya ɗaukaka Grüntzig a idon masana bai tsaya ga balan-balan ɗin ba, ya haɗa da yadda ya yi tattalin ƙirƙirarsa. Ya san cewa idan kowa ya ɗauka ya yi ta gwadawa ba horo, mutane za su mutu kuma aikin zai mutu tare da su, don haka ya riƙa tara likitoci a Zurik suna kallon aikinsa kai tsaye ta allon talabijin, nasara da tangarɗa duka, ya kuma dage a riƙa rubuta sakamakon kowane majinyaci a rajista guda. Ya koma jami'ar Emory da ke Atlanta a 1980, ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Oktoban 1985 yana da shekara 46, a shekarar da Dotter da Sones da Judkins su ma suka riga mu gidan gaskiya.

Rajistar da aka ajiye ita ce ta fito da raunin balan-balan fili. A wasu majinyata, kusan 5 cikin 100, bangon jijiyar kan tsage ya rufe hanyar nan take, sai an garzaya da su tiyata, sannan kusan mutum ɗaya cikin uku jijiyarsa kan sake ƙuntacewa cikin watanni shida. Maganin da aka samo shi ne 'yar ragar ƙarfe mai siffar bututu, wadda ake kira sitent, da ake naɗe ta a jikin balan-balan, idan an hura shi ta buɗe ta manne da bango, ta zauna a nan har abada tana tokare shi. Jacques Puel a Tuluz ta Faransa da Ulrich Sigwart a Lozan ta Suwizalan su ne suka fara saka ragar ƙarfe a jijiyar zuciyar mutum a 1986, sannan irin wadda Julio Palmaz da Richard Schatz suka ƙera ta sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 1994. Ragar ta zo da nata matsalolin guda biyu, domin jini kan daskare a jikin ƙarfe, nama kuma kan tsiro ta cikin ragar ya sake cike hanya. An magance na farko da haɗa asfirin da wani magani na biyu mai hana jini daskarewa, na biyu kuma da shafa wa ragar maganin da ke hana naman tsirowa, wanda Eduardo Sousa ya fara gwadawa a birnin Sao Paulo na Birazil a 1999, aka amince da shi a Turai a 2002, a Amurka kuma a 2003, abin da ya sauko da sake ƙuntacewa zuwa ƙasa da 10 cikin 100.

A yau majinyaci kan kwanta a kan siririn gado a ƙarƙashin na'urar eksire, idonsa biyu, a kashe masa zafi a wuyan hannu, domin tun bayan aikin Lucien Campeau a Kanada a 1989 da na Ferdinand Kiemeneij a Holan a farkon shekarun 1990 an gane cewa shiga ta wuyan hannu ya fi shiga ta matsematsi ƙarancin zubar jini. Likita da ma'aikatansa, sanye da riguna masu nauyi na darma da ke kare su daga hasken, suna kallon allo yayin da waya wadda kaurinta bai kai rabin milimita ba take lallaɓawa ta ratsa wurin da ya toshe. Ana hura balan-balan ɗin da ruwa, da matsin da ya ninka na iskar tayar mota sau biyar ko fiye, na 'yan daƙiƙu, majinyacin kan ji ƙirjinsa ya ɗaure a wannan lokaci, sannan a sace shi a sake ɗura ruwan hoto, a ga jini ya ratsa ya cika rassan da ɗazu ba a ganinsu. Aikin bai rasa haɗari ba, domin akwai zubar jini, da illar ruwan hoto ga mai raunin ƙoda, da yiwuwar tsagewar jijiya, amma yawancin waɗanda aka yi wa shi ba cikin gaggawa ba sukan koma gida a ranar ko washegari.

A nan ne ya kamata a tsaya a bambance inda kateta ke ceton rai da inda ake ɗora mata abin da ba ta iyawa. Idan jijiyar zuciya ta toshe gaba ɗaya farat ɗaya, tsokar da take ciyarwa kan fara mutuwa cikin kusan rabin sa'a, kuma bayan 'yan sa'o'i mafi yawan ɓarnar ta riga ta auku, tsokar da ta mutu kuwa ba ta dawowa. A wannan hali buɗe jijiya da kateta ya fi kowane magani, shi ya sa ƙa'idojin likitocin zuciya suka nemi a buɗe ta cikin minti 90 da isar majinyaci asibiti, idan kuma ba za a iya kai shi inda ake yin aikin cikin minti 120 ba, a yi masa allurar narkar da gudan jini a inda yake. Amma ga mutumin da jijiyarsa ta ƙuntace kawai, yake jin ciwon ƙirji idan ya yi tafiya ya kuma lafa idan ya huta, lamarin dabam ne. Binciken COURAGE da aka buga a 2007 kan majinyata 2,287, da binciken ISCHEMIA da aka buga a 2020 kan majinyata 5,179, sun nuna cewa gaggauta buɗe jijiya a irin wannan hali bai rage mutuwa ba idan aka kwatanta da shan magani yadda ya kamata, ko da yake yana rage ciwon ƙirjin. Dalilin a fili yake, domin raga tana gyara santimita biyu ko uku ne na jijiya, alhali cutar tana shimfiɗe a dukkan jijiyoyin jiki, kuma wanda aka saka wa raga ya koma ga taba ya yi watsi da maganin hawan jini, ko ya daina shan maganin hana daskarewar jini ba da izinin likita ba, ya jefa kansa cikin haɗarin da ka iya fin na farko.

Akwai wata ƙirƙira a wannan fage da ta fi shafar nahiyar Afirka kai tsaye, ko da yake ba a cika jin labarinta ba. Ciwon maƙogwaro da wata ƙwayar cuta ke haddasa wa yara, idan ba a magance shi da fenisilin ba, yakan jawo zazzaɓi mai kama gaɓoɓi, wanda a hankali yake lalata ƙofofin zuciya, musamman ƙofar da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu, har leɓunanta su manne su bar 'yar ƙaramar kafa. Wannan cuta ta kusa ɓacewa a ƙasashe masu arziki, amma fiye da mutum miliyan 40 na ɗauke da ita a duniya, tana kuma kashe fiye da 300,000 a kowace shekara. Binciken REMEDY da aka buga a 2015, wanda ya bi majinyata 3,343 a ƙasashen Afirka 12, ciki har da Nijeriya, da kuma Indiya da Yaman, ya gano cewa rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kuma kashi biyu cikin uku mata ne, waɗanda sau da yawa sai sun ɗauki ciki numfashi ya gagare su sannan ake gane ciwon. Likitan tiyata ɗan Japan Kanji Inoue ya ƙera wani balan-balan da ke kumbura mataki-mataki, gabansa ya fara, sannan bayansa, ya kama ƙofar a tsakiya, daga nan tsakiyar ta buɗe ta raba leɓunan da suka manne. Ya fara amfani da shi a 1982, kuma ga wadda ƙofarta ta dace da aikin, ko da tana da juna biyu, yana iya maye gurbin tiyatar buɗe ƙirji.

Daga nan fagen ya yi ta faɗaɗa. Tun a 1966 William Rashkind a Filadelfiya ya yi amfani da balan-balan ya buɗe kafa tsakanin ɗakunan zuciyar jariran da aka haifa da manyan jijiyoyinsu a juye. A 1970 Jeremy Swan da William Ganz suka fito da katetar da gudun jini ke ja da kansa zuwa jijiyar huhu. A ranar 16 ga Afrilun 2002 Alain Cribier a birnin Ruwan na Faransa ya dasa sabuwar ƙofar zuciya ta cikin jijiya ga majinyacin da tiyata ta gagara. A 2015 kuma binciken MR CLEAN na Holan da wasu da suka biyo shi suka tabbatar da cewa ciro gudan jini daga babbar jijiyar ƙwaƙwalwa cikin sa'o'i shida na farko yana rage nakasar shanyewar ɓarin jiki.

Duk wannan ci gaba yana da sharaɗin da ba ya cikin bututun. Ɗakin aikin kateta yana bukatar na'ura mai tsadar gaske, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da likita da ma'aikatan jinya da masu kula da na'ura da aka horar shekara da shekaru, da kayan aiki da ake amfani da su sau ɗaya a yar, waɗanda kusan dukkansu da kuɗin waje ake shigo da su. A yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara irin waɗannan ɗakuna ƙalilan ne, suna manyan birane, majinyaci kuma daga aljihunsa yake biya, ta yadda minti 120 da ƙa'ida ta gindaya sukan ƙare tun ana neman mota ko ana haɗa kuɗi a dangi. Gina irin waɗannan cibiyoyi da horar da ma'aikatansu wajibi ne, kuma ya dace tsarin inshorar lafiya ya ɗauki nauyin aikin gaggawa, amma hukumar da ta sayi na'ura ta bar asibitocin ƙananan hukumomi babu na'urar auna bugawar zuciya, babu allurar narkar da gudan jini, babu fenisilin na yara, babu maganin hawan jini mai sauƙin kuɗi, ta fara gini ne daga sama.

Kira ga masu sauraro shi ne, duk wanda ya ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti 15, musamman idan yana sauka hannun hagu ko yana hawa muƙamuƙi, tare da gumi ko haki ko tashin zuciya, kada a tsaya ana cewa ciwon olsa ne ko gajiya, a kai shi babban asibiti mafi kusa a wannan sa'ar. Haka nan wanda bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta sarƙe farat ɗaya. Iyaye kuma su kai yaron da ke fama da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi wurin ma'aikacin lafiya ya duba shi, duk wanda ya haura shekara 40 ya riƙa auna jininsa da sukarinsa ko da yana jin garau, wanda kuma aka riga aka saka wa raga kada ya ajiye maganinsa ko na kwana ɗaya sai da izinin likitansa.